Wuyan Hannun Dama

Litinin, 3 ga Maris
Saura wata guda jarrabawar shiga kwalejin kiɗa a Toronto. Tun safe ina kan fiyano. Daga farko sumul, sai in zo wurin nan mai gudu a cikin kiɗan, yatsu su sarƙe. In koma farko. Su sake sarƙewa.

Alhamis, 6 ga Maris
Malama Halvorsen, mai koya mini fiyano, ta tsayar da ni ban kai ƙarshe ba. "Maren, kuskuren kike ta bita kullum, shi ya sa kika ƙware a kansa. Ware layin nan shi kaɗai, ki bi shi a hankali."
Na ce babu lokaci.
"To ci gaba da gudu, 'yata, mu ga inda za ki."
A hankali wai! Ita ai ba ta da jarrabawa.

Talata, 11 ga Maris
Wuyan hannun dama yana zogi. Ban faɗa wa kowa ba. Na ƙara lokacin bita.

Asabar, 15 ga Maris
Kofin shayi ya suɓuce mini a gaban Baba. Ya dubi hannun, ya dube ni. "Ɗauko rigar sanyinki." Ya kai ni asibiti, bai yi mini faɗa ba. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 21 ga Maris
Jijiya ce ta kumbura. Likita ta ce kar in taɓa fiyano sai ta ba da izini. Na roƙe ta, har da kuka. Ta miƙo mini hankici kawai.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Yau ake jarrabawar. Ina gida a Winnipeg, a kicin, ko murfin kwalba na kasa buɗewa.

Laraba, 30 ga Afrilu
An yarda in fara, kaɗan-kaɗan. Malama ta zauna gefena ta riƙe mini gwiwar hannu kamar 'yar koyo. Layi ɗaya muka yi. Kunya kamar in nutse. Na tambaye ta ko zan shiga kwalejin baɗi. Ta ce, "Ban sani ba, Maren." Ko ƙarya ba ta iya yi mini ba.

Lahadi, 11 ga Mayu
Ni kaɗai a gida. Kiɗan ya fara daɗi, sai na ji wuyan hannun ya ɗan yi tsami. Ba ciwo ba ma tukuna. Babu mai gani, da na ci gaba.
Na rufe fiyanon.
Gajiya ce kawai, ina jin.