Ni Na Ɗebi Ruwan Majema, Wani Anka Doka

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, ina gaishe ku manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin kowa ya sa baki. Ni ban yi boko ba, magana na yi cikin waya na aika wa mai kula da zauren, ita ta rubuta, na ce ta ɓoye sunana da na shiyarmu. Cikin tsohon garin Sakkwato nike dai, shekaruna sun haura sittin, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni ƙarya, ba ni ɗaukar raini. To yau kwana tara ke nan da anka kusa kashe wani bawan Allah saboda abin da ni na aikata da hannuna, har yanzu ban ce uffan ba.

Gidanmu gidan majema ne, jimar fata munka gada. Majemar tana manne da gida, akwai ƙofar waje da ma'aikata ke shiga, akwai wata ƙarama ta cikin gida kusa da madafa wadda ba kowa ke tunawa da ita ba. Rijiyarmu na nan tsakani, daga ramukan jima zuwa bakinta bai fi taki goma ba, mu muna sha, maƙwabta na aikowa a ɗebar musu. Tun da maigidana ya rasu ɗana na fari ke riƙe da aikin. Kun san al'adar ɗan fari, kakatai ta ɗauke shi tun daga yaye, ban taɓa kiran sunanai ba, ban taɓa zama da shi mun yi hira ba, in ina da magana sai in faɗa wa matatai ta kai mashi. Shi ma Hajiya yake ce mini, ya durƙusa bakin ƙofa ya gaishe ni ya tashi. Haka munka yi shekara arba'in da wani abu, ban taɓa ganin aibin hakan ba.

Ubanai da bagaruwa da toka ya yi aiki, fata ta daɗe kafin ta jimu. Shi kuwa shekara huɗu da sunka wuce ya kawo wani shuɗin gari cikin buhu, kemikal suke ce mai, kwana kaɗan fata ta yi. Aiki ya buɗe, an ƙara ma'aikata, kowa na sa mai albarka. Ni kuma ina kallo. Kwaɗin cikin rijiya sunka ɓace, igiyar guga ta canza launi, agwagina da ke wasa cikin kwata sunka mutu ɗaya bayan ɗaya, jikokina ƙuraje ba su warkewa, hannuwan ma'aikata duk gyambo. Na ce wa matatai ta gaya mashi, ta dawo ta ce ya ce zafin bana ne. Na sake aikawa, ya ce a gaya wa Hajiya ta bar wa maza sha'anin majema. Wata uwar da sai ta kira ɗanta ɗaki ta zaunar da shi, ni ban san ta inda ake farawa ba.

Autata ita ce ta yi karatu, tana koyarwa a jami'a, tana aure shiyar Gawon Nama, Dakta mutane ke ce mata. Ita da abokan aikinta sun daɗe suna wani bincike, suna ƙona ɓuntun shinkafa ya zama gawayi, su yi mai wasu dabaru nasu, su cika durom da shi, in an zuba gurɓataccen ruwa ta sama sai dafin ya tsaya cikin gawayin ruwan ya fito ta ƙasa. Ta taɓa nuna mini a waya, ruwa ya shiga kore shar ya fito garau. Na gaya mata abin da nike gani a gida. Ta ce Inna ido ba ya isa, sai an kai ruwan ɗakin gwajinsu an auna, kuma ba na rijiya kaɗai ba, har da na cikin ramin jima, don a ga ko dafi ɗaya ne. Ta roƙi wanta ya ba ta, ya ce da fatar nan anka yi mata karatun da za ta zo ta auna shi da shi, in ta taka majema sai ya karya mata ƙafa.

Sai na ce ta kawo mini kwalaben. Wata Jumu'a maza duk sun tafi masallaci, na buɗe ƙaramar ƙofa, na cika biyu a rami biyu a rijiya, na naɗe cikin zane na ba ta. Ta manna musu takarda ta yi rubutu, ban san mi ta rubuta ba, ban kuma tambaya ba. Ta yi mini alkawari ba wanda zai ji, in an gama za ta san yadda za ta lallaɓa wanta a kafa durom ɗaya a majema, kowa ya huta. Sakamako ya fito, ta ce dafin ramin shi ne cikin rijiya. Daga ranar na hana sha, na koma sayen ruwan 'yan garuwa, maƙwabta kuma na ce musu rijiya na son yasa.

Ashe jami'a ta shirya taron nuna bincike, manya sunka zo, 'yan talbijin sunka ɗauka. Wani abokin aikinta ya ɗaga kwalba gaban kyamara yana nuna yadda ruwa yake kafin tacewa, ga takardar nan jikinta da sunan shiyarmu da kalmar majema. Majema ɗaya ce ke aiki da shuɗin gari a shiyarmu. Kafin la'asar bidiyon ya zagaya wayoyi, washegari duba-gari sunka zo sunka hana aiki a ramukan, matan maƙwabta sunka taru ƙofar gida kowace na ɗaga rigar ɗanta tana nuna ƙuraje.

Auta ta zo da sauri don ta ba wanta haƙuri, tsakar gida ya tare ta. Bai bari ta kai ƙarshen magana ba ya mare ta, tabaranta ya fashe ya yanke ta ƙarƙashin ido, ya fizge jakarta ya zaro kwamfutar da ke ciki ya buga jikin turmi har sau uku, yana tambayar wa ya ɗebar mata ruwan rami. Jini na bin kumatunta ta ce ba ta faɗi ko yanka ta zai yi. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nike ba. Ina tsaye bakin madafa, abin da na iya kawai na ce wa matatai ta gaya wa mijinta ya fita mini daga gida. Ya fita, ashe majema ya nufa.

Mabuɗin ƙofar waje mutum biyu ke da shi, shi da wani dattijo da zan kira Ummaru, wanda ya yi aiki da maigidana tun suna samari. Shi ya koya wa ɗan nawa riƙon kartaji, wuƙar nan mai ƙota biyu da ake kankare gashin fata da ita, kuma dama ya sha yi mai faɗa kan shuɗin gari. Sai ɗan nawa ya yanke cewa Ummaru ne ya ɗebi ruwan. Ya iske tsohon yana tattara fatu, ya hau shi da ƙotar kartajin, tsohon ya faɗi ya bi shi da ƙafa, ya ja shi ya dulmiya kainai cikin ragowar ruwan ramin yana cewa tunda rabon ruwa kake yi to sha naka. Ma'aikata uku sun kasa riƙe shi. Ina jin nishin tsohon ta ƙaramar ƙofa, na ɗauki tabarya na shiga, na zabga wa ɗana a kafaɗa, na ƙara mai a gefen kai, kunnenai ya tsage. Tun da na yaye shi hannuna bai taɓa jikinai ba sai ranar. Ya saki Ummaru ya juyo, jini na zuba wuyan riga, ya ce Hajiya, kan maci amana kike fasa mini kai? Nan ne ya kamata in ce ni ce. Sai na yar da tabaryar na koma ciki.

Ummaru ya karye a haƙarƙari, idonai ɗaya kuma likita ya ce sai abin da Allah Ya yi saboda ruwan da ya shiga. Yanzu mata na zuwa suna yaba ni, wai Hajiya mai gaskiya ta fasa wa ɗanta kai saboda bare, duk wadda ta faɗa sai in ji kamar garwashi ta ɗora mini. Sauran majeman gari sun ce ba mai ƙara ɗaukar Ummaru aiki, wanda ya tona asirin gidan da ya ci. 'Ya'yan Ummaru biyu mahauta ne, ba su rabuwa da wuƙa, kuma abu ɗaya ya riƙe su, su ma suna zaton ubansu ya yi. Babban ya faɗa a kasuwa kowa ya ji, in ta tabbata ubansu bai yi ba sai sun cire wa ɗana ido. Shi kuma ɗan nawa ya rantse gaban jama'a, duk mai hannu cikin abin ga, ko wane ne, ba zai ƙara gaishe shi ba, ba zai tsaya kan gawatai ba.

Shekaranjiya na je duba Ummaru gidanai, na ce a ba mu wuri. Ban gama zama ba ya ce Hajiya kada ki wahalar da bakinki, waccan Jumu'ar ciwon ƙafa ya hana ni masallaci, ina kwance bayan tarin fatu. Kwalba huɗu. Ta ƙarshen ma ba ki murɗa marfin da kyau ba, tana ta ɗiga miki a zane. Ya fara dariya, haƙarƙari ya tsai da shi. Na ce to mi ya hana ka faɗi sa'ad da yake dukanka? Ya ce in gaya wa mutum mai kartaji a hannu cewa uwatai ce? Ki bar shi haka nan, ni an riga an buge ni.

Matsalar ita ce mai unguwa ya kira zama jibi Asabar bayan la'asar, da liman da manyan majema. Ɗana ya kafe sai Ummaru ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai ɗeba ba, kuma bai san wanda ya ɗeba ba. Ta farko zai iya, ta biyu ba zai iya ba. Na san shi, ba ya rantsuwa kan ƙarya, shiru zai yi, kuma kowa zai ɗauki shirun a matsayin amsa laifi, da wanga tabo za a binne shi. Auta ta ce za ta je ta ce ita ta haura katanga ta ɗeba, na ce mata ƙarya ɗaya ta ishi gidan ga.

To jama'a mi zan yi? In yafa mayafi in shiga zauren mai unguwa gaban maza in ce ni ce, in wanke tsohon, in saki mahautan nan biyu kan ɗana, in kuma rasa shi da rantsuwar da ya yi? Ko in fara kiran shi ɗaki tun gobe in gaya mashi mu biyu, ko zai je ya durƙusa wa Ummaru kafin mahautan su ji? In ya ji ya ƙi fa? Ko kuwa in bi maganar Ummaru in yi shiru, in bar mutumin da ya rufa mini asiri kainai na cikin rami ya zauna gaban Alƙur'ani ya kasa ɗaga hannu? Masu ilimin addini ku gaya mini hukuncin rantsuwar nan ta ɗana, waɗanda sunka san shari'a ku gaya mini ko akwai hanyar da za a tsai da yaran nan kafin jini ya zuba. Kada wanda ya ce mini in yi haƙuri in yi addu'a, ina yi dare da rana. Inda zan kai ƙafata ranar Asabar, da abin da zan faɗa in na isa, shi nike tambaya.