Ranar da Ɗan'ige Ya Mayar da Askarsa

Na ɗauki jikarmu takwararki a wuya, daga gida har gonarmu ta hanyar Banga, ban tsaya na dafe ƙirji ba ko sau ɗaya!

Gafara, Innar su Lawali, farin ciki ya sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinki.

Kin tuna ciwon ƙirjin da kike dafa mini citta saboda shi? Ashe hanyar jini ce ta toshe a zuciya. Ɗanmu Lawali ya kai ni babban asibiti a birni. Suka huda wuyan hannuna, suka zura wani siririn tiyo har zuciya, idona biyu. Na ga jijiyoyina a allo kamar saiwar gero, ɗaya ta shaƙe. Suka buɗe ta ina kallo. Shekara saba'in ina yawo da abin nan ban taɓa ganinsa ba. Tsarki ya tabbata ga Allah.

Sun ce kada in ɗauki nauyi. Kin san halina. Kwana uku da dawowa Ƙaura na ja guga. Wurin hudar ya kumbura kamar ƙwan zabo. Na ce maruru ne, na aika a kira Ɗan'ige wanzami, wanda ya yi wa 'ya'yanki duka aski.

Ya wasa aska, ya ɗora yatsa ya nemi bakin ƙurjin. Kumburin yana bugawa a ƙarƙashin yatsansa. Ya mayar da askar cikin zabira ya ce, "Malam, wanga ba maruru ba na. Zuciyarka ta nika ji."

Da muka koma birni, likita ya ce hudar ce ba ta rufe ba, jini ya taru a bakinta. Da aska ta taɓa, da wuya in kai asibiti. Suka danne wurin, suka ɗaure har ya rufe.

Kullum kina cewa taurin kaina zai kai ni kabari kafin ke. Ya kusa, Hajara. Ya kusa.

Allah ya gafarta miki, ya saka wa likitocin nan da Ɗan'ige, ya haɗa mu a Aljanna.

Ku kuma masu karantawa, daga Shinkafi har Zurmi, ku zo Ƙaura ku gani. Tabon bai kai ƙwayar dawa ba, kuma ta nan aka shiga zuciyata.

Mijinki,
Malam Sani