Rigar Sanyin Mama

Lahadi da dare, Satumba 2013, Withington, Ingila

Yanzu na dawo daga Birmingham, ƙafafuna sun kumbura. Matasan da muka tura aikin bishara Filato sun ba da rahoto a coci. Kowa ya tafa, ban da ni.

Tun rasuwar mijina Yakubu ni ke riƙe da tafiyar nan. Bana an rage ma'aikata a gidan tsofaffin da nake aiki, aka hana ni hutu. Abu ɗaya na roƙi Grace, wadda ta jagorance su: su shiga su yi wa Mama, uwar Yakubu, gaisuwar rashi, su ba ta rigar sanyin da na saƙa.

Sai ga hoto an haska a bangon coci: su duka a kabarin mijina, suna murmushi. Ɗakin Mama na bayansu, har labulenta na gani.

Da aka tashi, Grace ta miƙo mini ledata, rigar na ciki. "Aunty, sorry, babu time. Amma mun yi addu'a a kabarin Uncle."

Na ce, "Grace, shi yana wurin Ubangiji. Tsohuwar ce ke jin sanyi."

A hanya na kira ƙauye. Ashe Mama ta dafa gwate tun safe, ta shimfiɗa tabarmi, tana jin muryoyinsu har motarsu ta tashi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "'Yata, ko na yi miki laifi ne?"

Rigar tana kan cinyata. Yakubu, waƙoƙin Hausa na koya musu. Ban san har gaisuwa sai an koya wa mutum ba.