Amanar Masu Jan Kafaɗa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda, na san ɗinki ya yi maka yawa a shago. Na kira sau huɗu ba ka ɗaga ba. Ka kuma san muryata, ko faɗa nake yi sai ka ɗauka gaisuwa ce, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan naka? Mu nan sai godiyar Allah.

Magana ce a kan kifayen Malam, maƙwabcinmu tsohon malamin kimiyya. Ka tuna da ɓarin jikinsa ya shanye, ɗansa ya ɗauke shi zuwa gidansa, shi kuma ya bar mini tankinsa na gilashi amana. Kifayen ado ne dangin karfasa, waɗanda masu kiwo ke kira sikilid. Irin nasa, namijin shuɗi ne da ja a kafaɗa, kuma shekara goma sha huɗu yana riƙe da su bai bari wani iri ya shiga cikinsu ba. Ranar da aka kawo tankin, Malam yana kan keken marasa lafiya, magana da ƙyar take fita, amma sai da ya maimaita mini abin da ya koya mini tun ina sabon shiga a kiwon kifi. In za a zaɓi irin da za a tara don haihuwa, iri ɗaya ake sa wa a tanki ɗaya, namiji ɗaya ga mata huɗu ko biyar. Kuma kada a kuskura a haɗa iri biyu da matansu suka yi kama, don a wannan dangi maza ne masu kwalliya. Matan duk toka-toka suke, ko mai su ba ya iya bambanta su da na wani irin.

Namiji ɗaya da mata biyar na karɓa. Su na bar maka da mabuɗin gida da na tafi jinyar 'yata da ta haihu, sati uku. Da na dawo na ƙirga, biyar cif, na gode maka har na yi maka addu'a.

Bayan nan matan suka ɗauki ƙwai a baki kamar yadda suka saba, suka yi kwanakinsu ba ci, suka saki 'ya'ya. Na haɗa 'ya'yan duka a ƙaramin tankin bakin taga na rene su. Yanzu wata bakwai, mazan sun fara fitar da launi. Wasu sun fito da jan kafaɗa sak ubansu. Wasu kuwa rawaya ce ta malale musu tun daga wuya har ciki, kamar an ɓarar musu da fenti. Auta, babu rawaya a zuriyar nan. Na duba da safe, na duba da hantsi, na goge tabarau na sake dubawa. Rawaya ce.

Ba na zarginka, don an hana mu mummunan zato. Tambaya nake: me ya faru a sati ukun nan? Ka rubuto mini gaskiya komai ɗacinta. A gaishe mini da yara.

Yayarka.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Mai ɗakinka ta kawo amsarka jiya, a bayan takardar awon rigar wani. Ita ta kasa haɗa ido da ni, baiwar Allah, alhali ba ita ta yi ba.

Na karanta sau uku, na tashi na yi alwala don zuciyata ta sauka, ba ta sauka ba.

Ka ce ka ga tarin duwatsun cikin tankin sun yi gansakuka, ka kwashe su ka shanya a rana don ka burge ni da tsafta. Wa ya aike ka? Abinci na ce ka ba su, tsunkule ɗaya safe da yamma, har na rubuta na manna a jikin gilashin. Duwatsun nan ba ado ba ne, ɗakunan matan ne. Namijin nan mai zafin kai ne, in ya taso mace sai ta shige rami ta huta. Ka rushe musu maɓoya ka bar su a fili, ya yi ta korar su har biyu suka mutu.

Wannan kam da na yafe tun a ranar. Rai a hannun Allah yake, ni ma kifi ya sha mutuwa a hannuna. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da ka yi bayan nan. Ka ruga wurin mai sayar da kifin ado, ka nuna masa wasu mata biyu masu ruwan toka a cikin nasa, ya ce ai duk ɗaya ne, ka saya ka zo ka zuba. Ka mayar da duwatsu. Ka tsaya a falona ina ƙirga, ina sa maka albarka, kana amsa amin! Wata bakwai kana zuwa kana cin abinci a gaban tankin nan, bakinka bai taɓa suɓucewa ba.

Sannan har kana rubuta mini wai kifi kifi ne, wai rawayar ma ta fi kyau, wai tsohon da ba ya fita ta ina zai sani. Kai da in mai kaya ya kawo yadi ba ka yarda a sauya masa ko maɓalli? Tare muka zauna gaban allo, tare aka karantar da mu abin da ake cewa game da wanda aka ba amana. Ban ce kai ne ba. Tunatarwa nake.

Ga inda ka jefa ni. Kafin launi ya fito na raba wasu daga cikin 'ya'yan nan gida uku: nas ɗin layinmu, da mai burodi, da wani tsohon ɗalibin Malam da ya zo takanas don su. Kowanne na dube shi na ce tsantsar irin Malam ne. Ni da ko cefane aka yi mini ƙari sai na koma na mayar, yau ka sa na yi wa mutum uku ƙarya da bakina ban sani ba.

Tun jiya nake zaune gaban matan nan biyar. Uku na Malam ne, biyu naka, kuma wallahi na kasa cewa ga wannan. Ka tuna ko akwai wata alama, ko yagewar wutsiya, ko ƙanƙanta? Kada ka ƙirƙiro don ka faranta mini. Ranar Laraba zan je wurin Malam, ko da amsarka ko babu.

Yayarka, wadda ranta yake a ɓace.

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali. Saƙonka ya iso cewa ba ka tuna wata alama ba, kuma kana roƙona kada in tayar wa mara lafiya hankali. Yanzu ne ka san hankalinsa.

Na je. Na same shi a baranda, an rufa masa mayafi a ƙafa. Tun kafin in zauna ya tambayi kifinsa da murna. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige cikinta. Na faɗa masa komai daga farko, ban rage ba. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ba ya motsi, hawaye na bin gefen da ya shanye bai ma ji ba, sai surukarsa ce ta share masa.

Da ya natsu ya ce akwai hanya ɗaya. A raba matan biyar, kowace da tankinta, a riƙa kai musu namijin bi da bi, a reni 'ya'yan kowace daban har mazan su yi launi. Wadda nata suka fito da rawaya, ita ce baƙuwa. Ya lissafa watannin da yatsun hagu, ya kai kusan shekara, sai ya yi murmushi ya ce in Allah Ya kai mu. Ni na san abin da yake nufi, kai ma ka sani. Waɗannan 'ya'yan na yanzu kuwa, har masu jan kafaɗar, ba za a haifa da su ba, tunda ba a san uwar kowane ba. Ya ce kada a kashe ko ɗaya, ba laifinsu ba ne, a ajiye su don kallo.

Daga nan ya sa aka ɗauko littafin da yake rubuta tarihin zuriyar, haihuwa bayan haihuwa. Ya ce in rubuta kwanan wata, in rubuta cewa an gauraya, in sa kuma ta hannun wa. Na riƙe biron ina ji kamar in rubuta sunanka da manyan baƙi. Nawa na rubuta. Ni aka ba amana, ni na miƙa ta ga wani ban nemi izini ba. Kada ka ɗauka rufa maka asiri na yi, ko na huce. Ban huce ba.

Ranar Asabar ka rufe shago. Akwai tankuna huɗu da tsohon ɗalibin Malam zai ara mini, a haɗa da na Malam su zama biyar, kai za ka ɗauko su. Daga nan mu bi gidajen nan uku, ni in janye maganata, kai ka tsaya kusa da ni ka faɗi abin da ka zuba. In mun gama mu wuce wurin Malam. Ya tambaye ni ko telan da ya wanke duwatsu yana nan lafiya.

Ka aiko da amsa da wuri, kafin Juma'a, in san ko zan jira ka.

Yayarka.