Ramin da ya ci abincin tumaki

Dogon Daji, daren Laraba, tara ga Sha'aban.

Kwana uku ke nan ramin da injin burtsatse ke haƙa mana yana shanye duk lakar da aka tura masa. Injiniya ya ce akwai tsaga can ƙasa, ta nan take zurarewa maimakon ta dawo sama. Ni ne tafintansa, amma wallahi ban gane ba. Ruwa muke nema, kuma tanki biyu na ruwa mun zuba a rami!

Yau ya ce a tara ɓawon gyaɗa a dama cikin lakar, shi zai toshe tsagar. In ba ta toshe ba zuwa Juma'a, injin zai tafi Kebbe.

Na sanar wa jama'a. Baba Manu mai ginar rijiya ya ce, "Ɗana, aljanin wurin ne ka son sadaka. Wa ka ba babba ɓawo?" Kafin la'asar mata suka kawo gyaɗa ɓararriya tsaf, ɓawon kuma sun hura wuta da shi. Abin da injiniya ya faɗa ba ya fassaruwa.

Na ruga gida na kwaso ƙaiƙayi da dusar da matata Hajo ta tara wa tumakinta. Muka dama, Baba Manu kuma ya faki ido ya watsa gyaɗa ciki. Da magariba laka ta fara dawowa. Injiniya da Baba Manu, kowannensu ya ce nasa ne ya yi aiki, kuma gobe ƙari yake so.

Ɗazu Hajo ta ce, "Malam, mi tumakina za su ci?"