Hoton Ƙafar Baba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan Inna da yaran suna lafiya. Ni ƙalau nake, in ban da idanuna da kwamfuta ta gama da su.

Hoton ƙafar Baba ya iso, kumburin har gwiwa. Yaya, sau nawa zan faɗa? Aiki a asibiti bai mai da ni likita ba. Ni shugaban masu tattara bayanan marasa lafiya ne, ko allura ban iya ba. Kun zauna jiran in rubuto magani, ƙafa tana ta hawa.

Allah ya ba shi lafiya, amma ku kai shi asibiti yau. Kullum ni nake haɗa rahoton waɗanda aka kawo a makare, kuma na san yadda suke ƙarewa.

Ƙaninki