Tafin Ƙafata a Kan Kwalta

Juma'a, 30 ga Afrilu, 1999

Gaisuwa mai yawa da ban girma gare ka, ya littafina, aminin da ba ya kai zance gaba. Ka gafarce ni da na bar ka wata uku a akwati, yau kuma na dawo ina damun ka ba tare da na aiko ba.

Na makara masallaci, sahu ya kai mu kan kwalta a nan Gyadi-Gyadi, ga shi ban ɗauki darduma ba. Rana ta take. Lawan direba da ke gefena sai ɗaga ƙafa yake yana saukewa, ni kuwa ko gezau. Da aka sallame ya faɗa wa jama'a wai Malam Isyaku idan ya kabbarta, ya bar duniya. Na kwaɓe shi, amma na ji daɗi. Har baiti ya zo:

Wanda zuciyarsa ta fuskanci Sarki,
Ko a kan garwashi ba ya yin raki.

Talata, 4 ga Mayu

Folasade ta zo gaishe ni, 'yar telan nan na Tarauni, wadda na koyar da Hausa a sakandare shekara goma sha biyar da suka wuce. Yanzu dakta ce, tana bincike a ƙasar waje. Ta ce a bakin jijiyoyin fata akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Zafi ke buɗe su, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Wai ƙofar da wuta ke buɗewa, ita barkono ma ke buɗewa. Na yi tasbihi, na ba ta labarin Juma'a, na rera mata baitina.

Ba ta yi murmushi ba. Ta roƙe ni in rufe ido, na ji an taɓa bayan ƙafata.

"Malam, me ka ji?"

"Hannunki, 'yata."

Ashe kofin shayin da matata Binta ta kawo ne, wanda ita kanta sai da hankici ta iya riƙe shi. Ta ce in je a auna jinina gobe-gobe, kuma kada in sake taka ƙasa ba takalmi. Na ce mata ba a auna imani da kofin shayi. Ban raka ta ƙofa ba.

Juma'a, 14 ga Mayu

Da gangan na bar darduma a gida. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 16 ga Mayu

Safa ta manne a tafin ƙafata. Binta ce ta jiƙa ta da ruwa ta ɓamɓare, fata ta biyo. Ta ce tun jiya take ganin tabo a tabarma, ta ɗauka manja ne. Ina kallon naman kamar na wani mutum dabam.

Laraba, 19 ga Mayu

Asibiti. Ciwon suga ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin. Likita ya ba ni wata guda: idan gyambon bai kama bushewa ba, yatsu biyu za su tafi, wataƙila fiye. Ya tambayi yadda mutum zai ƙone haka bai sani ba. Na ce salla nake yi. Ya dube ni, ya ci gaba da rubutu.

Asabar, 29 ga Mayu

Rediyo ya ce sojoji sun miƙa mulki, motoci sai ham suke a titin Zariya. Binta na wanke ciwon tana runtse ido a madadina. Shekara talatin ina roƙon Allah a cikin waƙa ya kare ni daga raɗaɗi. Yau da ana sayar da shi a kasuwar Tarauni, da na aika.

Folasade ta koma tun makon jiya. Ba ta biyo ba, ban kuma ga laifinta ba.

Juma'a, 4 ga Yuni

Da wuri aka kai ni masallaci, na yi salla a kan kujera, a inuwa. Lawan ya soma yabon nan nasa, na ce masa cuta ce, ya riƙa zuwa da darduma.

Da la'asar na aika wa mahaifin Folasade takarda ya sa mata a gidan waya. Ba wai na sauko ba ne. Tambaya ce ta ilimi kawai. Ga ƙarshenta:

"Ya ke 'yata, kuma malamata a wannan fage, ƙofofin nan idan suka rufe, shin akwai wadda ke sake buɗewa? Ki faɗa mini ba ɓoyo. Kwana goma sha biyar suka rage in koma wurin likita. Na san takarda ba ta da saurin nan, amma don Allah ki amsa da hannunki ranar da wannan ta same ki."